Kula da lafiya a tsakiyar rayuwa a Tasawa da Mayahi: abubuwan da ya kamata ka sani

A gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi, inda ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da rabin miliyan a kowace, yara da matasa ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. 'Yan shekara 40 zuwa 60 kaɗan ne a lissafi, amma nauyin gida a wuyansu yake. Su ke riƙe da gandu da rumbu, su ke aurar da 'ya'ya, su ke ɗawainiyar iyayen da ƙarfinsu ya ƙare. Duk wanda ya kwanta ciwo a gida su yake kallo, su kuwa tambayar lafiyarsu ba ta wuce ta gaisuwa, amsar kuma sananniya ce: lafiya lau. Saboda haka mutum a waɗannan shekaru shi ne mai tsaron lafiyar kansa, kuma tsaron yana bukatar ya san halin da jikinsa ke ciki, ya kuma samu himmar da za ta ɗore.

Mene ne tsakiyar rayuwa?

Masana lafiya suna kiran shekarun da ke tsakanin 40 da 60 tsakiyar rayuwa. A wannan zango mutum na iya yin kusan duk aikin da ya saba, amma ƙarfin da jiki ke da shi a ajiye yana raguwa sannu a hankali. Tun daga wajen shekara 30 tsoka ke fara zubewa, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, kuma zubewar ta fi sauri ga wanda ya daina aiki da ita. Jijiyoyin da ke ɗaukar jini daga zuciya suna rage laushi, sai zuciya ta riƙa tura jini da ƙarfi fiye da da. Insulin, wato sinadarin da jiki ke yi domin kwashe sukari daga jini ya kai shi tsoka, shi ma aikinsa yana rauni, musamman idan kitse ya taru a ciki.

Akwai sauye-sauyen da kowa ke gani. Daga shekara 40 zuwa 45 ido kan fara kasa ganin abu na kusa: malami ya riƙa nisanta littafi, mace ta nemi yaro ya zura mata zare a allura. Yawancin mata jinin al'ada yana ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55, wani lokaci tare da zafin jiki mai tasowa ba zato, da gumin dare, da gajeren barci. Bayan ɗaukewarsa ƙashi yana rage ƙwari, haɗarin ciwon zuciya kuma yana ƙaruwa. Maza da yawa daga shekara 50 sukan ga fitsari ya rage gudu, ko su riƙa tashi sau da yawa cikin dare. Da yake babu ɗaya daga ciki da ke zuwa dare ɗaya, akan ce tsufa ne a wuce. Wani tsufan ne da gaske, wani kuwa ciwo ne mai magani da ya fake a bayan shekaru.

Jiki iri biyu a ƙasa ɗaya

Shawarar da aka fi ji ita ce a rage ci, a motsa jiki. An gina ta ne a kan rayuwar birni, kuma a Tasawa da Mayahi ba kowa ta dace da shi ba, domin jiki iri biyu ne ke shiga tsakiyar rayuwa a nan.

Na farko jikin da aiki ya ci. Shi ne na manomin ƙauyukan Kanambakashe ko Sarkin Hausa ko Urafan, wanda ke yini da hauya a jigawa, da na matar da ke jan guga a rijiya mai zurfi, ta yi sussuka da surfe da daka, ta ɗauko itace daga nesa. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna mace a Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, a jihar Maraɗi kuwa 8.4, wato mace 'yar shekara 45 a nan sau da yawa ta shafe rabin rayuwarta tsakanin ciki da goyo. Masu irin wannan jiki motsi ya ishe su. Abin da ke cin su shi ne aiki mai nauyi cikin rana da abinci kaɗan, musamman a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, noma kuma ya kankama. Daga nan ciwon baya da gwiwa ke fitowa, da ƙarancin jini, da rama, da wahalar da ƙoda ke sha idan ana zufa ba a shan isasshen ruwa. Irin wannan mutum bukatarsa wake da gyaɗa da nono da ganye, da ruwa a gefen kunya, da hutu idan rana ta take, da barin ɗaga buhu ga matasa.

Na biyu jikin da aiki ya saki. Garin Tasawa yana kan babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, kuma neman kuɗi ya zaunar da mutane da yawa: mai shago, dillalin hatsi, tela, direba, ɗan kabu-kabu, ma'aikacin gwamnati. Akasarinsu da hauya da fura suka tashi. Yanzu zama ne daga safe har magariba, babur ke kai su ko'ina, shinkafa da taliya da soye-soye da lemun kwalba sun shigo, ciki kuwa bai rage abin da ya saba karɓa lokacin da ake noma ba. Haka ma uwargidan da 'ya'ya da surukai suka karɓe wa aiki, injin niƙa ya maye gurbin turmi. Tun 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin manyan motocin haya na Landan da masu karɓar kuɗi a cikinsu, ya samu cewa direbobin, da ke yini a zaune, sun fi kamuwa da ciwon zuciya a kan abokan aikinsu masu yini suna hawa da sauka a matakala.

Mutane da yawa suna da rabo a duka biyun: wata huɗu na damina jiki ya sha wuya, sauran shekara a zauna a rumfa ana hira, ko ana saƙar tabarma kamar yadda ake yi a bakin Gulbin Kaba. Abin lura kuma shi ne hawan jini bai keɓanta da masu ƙiba ba. Siririn manomi yana iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba.

Cututtukan da ba sa sallama

Hawan jini, wanda a Nijar aka fi sani da tansiyo, shi ne jini ya riƙa tafiya cikin jijiyoyi da matsin da ya wuce ƙa'ida, kuma ya zauna a haka kullum. Ana auna shi da lamba biyu: ta sama matsin lokacin da zuciya ta buga, ta ƙasa matsin lokacin da ta huta. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a ranaku biyu daban-daban, ana lissafa mutum cikin masu hawan jini. A gidajen likitan Nijar akan taƙaita lambar a ce 14 bisa 9. Matsin nan yana lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da ido shekara da shekaru ba tare da zafi ba. Ranar da jijiyar ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe ita ce ranar da ake cewa wane ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Sau da yawa ana jingina abin ga iska ko sammu, saboda jiya an gan shi garau a kasuwa. Alhali ciwon ya daɗe a jikinsa, jiya ɗin ma yana nan.

Ciwon sukari na manya shi ma haka yake shigowa. Idan insulin ya kasa aikinsa, sukari ya taru a jini, ya riƙa cin ƙananan jijiyoyi. Alamominsa su ne yawan ƙishirwa, yawan fitsari musamman da dare, gajiya, rama ba dalili, sagewar ƙafa, da miki mai ƙin warkewa. A ƙasa mai zafi kusan kowace alama tana da uzurinta: ƙishirwa a ce rana ce, gajiya a ce aiki ne. Awon jini da safe kafin a ci komai shi ke raba gardama. Idan sukari ya kai giram 1.26 a litar jini, kuma aka sake awo ya maimaita, ciwon ya tabbata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya biliyan 1.28 'yan shekara 30 zuwa 79 ke da hawan jini, kuma kashi 46 cikin 100 ba su san suna da shi ba. A Nijar, binciken da aka yi a 2007 kan cututtukan da ba a ɗauka daga wani ya samu hawan jini ga aƙalla mutum ɗaya cikin manya biyar.

Tsarin kiwon lafiya da kansa yana da hannu a wannan rashin sani. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da kuɗin awon ciki, kuma wannan daidai ne a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke ɗaukar yara. Sai dai ya bar wani giɓi. Mace tana samun awon jini duk lokacin da take da ciki, daga haihuwar auta awon ya tsaya, daidai lokacin da haɗari ya fara hawa. Namiji kuwa yana iya kai shekara 50 ba a taɓa ɗaura masa abin awo a dantse ba, domin ba ya zuwa gidan likita sai in ya kawo wani.

Sanin kai: abin da ake aunawa

Hausawa na cewa jiki magayi, kuma gaskiya ne a ciwon da ke da zafi. A waɗannan cututtuka biyu jiki ba ya gaya komai sai an yi nisa, don haka sanin kai a nan yana farawa ne da awo. Daga shekara 40 ya kamata a auna hawan jini aƙalla sau ɗaya a shekara. Ana yin haka cikin 'yan mintoci a CSI, wato cibiyar lafiya ta yanki, ko a asibitin gunduma na Tasawa ko na Mayahi. Mutum ya zauna minti biyar kafin awo, ya guji goro da shayi da taba na rabin sa'a, ya kuma nemi a faɗa masa lambar a rubuta a karne, wato ɗan littafin likita. Jin cewa "da sauƙi" bai isa ba, domin lambar bana ce za a kwatanta da ta baɗi.

Akwai awon da ba ya cin ko dala. A yanki igiyar kaba daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ta a ƙugu ɗan sama da cibiya. Idan bakin igiyar ya haɗu, kitsen ciki bai wuce ƙa'ida ba. Idan ya ƙi haɗuwa, ƙugu ya fi rabin tsawo, kuma wannan alama ce ta ƙarin haɗarin sukari da hawan jini ko da hannu da ƙafa ba su yi ƙiba ba. Haka nan mutum na iya gwada ƙarfinsa da abin da ya saba: hanyar gonar da bara yake yankewa ba tsayawa, bana sau nawa yake hutawa? Yana iya tashi daga tabarma ba tare da dafa bango ba?

Sai tarihin gida. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan uwansa ya yi hawan jini, ko sukari, ko ya faɗi ya shanye, haɗarinsa ya fi na wani. Macen da jininta ya hau ko ta yi jijjiga lokacin ciki, da wadda ta haifi jariri mai nauyin da ya wuce kilo 4, ya kamata su faɗa wa ma'aikacin lafiya ko da shekaru sun shige. Wasu alamomi kuwa ba sa bukatar jiran awon shekara: tari da ya wuce mako biyu, ganin jini bayan al'ada ta ɗauke, ƙululu a nono, jini a fitsari ko a bayan gida, da rama mai sauri.

Mafi wuyar awo shi ne na ɗabi'a, domin mutum ne mai awo kuma shi ake aunawa. Hanya mai sauƙi ita ce a ƙirga mako ɗaya da gaskiya: kofin shayi nawa, goro nawa, sa'a nawa a zaune, barci nawa. Zuciya ma tana cikin lissafi. Jama'a na cewa tunani ke kawo tansiyo, kuma akwai ƙamshin gaskiya, domin damuwa mai tsawo da rashin barci suna ɗaga jini. Amma mai kwanciyar hankali ma yana kamuwa, saboda haka rashin damuwa ba ya ɗauke wa kowa awo.

Yadda himma ke aiki

Sani shi kaɗai ba ya sauya hali. Idan maƙwabci ya faɗi, unguwa kan girgiza: wannan ya bar sukari, wancan ya fara tattaki. Kafin sadakar arba'in yawanci an koma gidan jiya. Tsoro yana tayar da mutum, amma ba ya riƙe shi, domin yana dushewa da kwanaki.

Masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Rochester a Amurka, Edward Deci da Richard Ryan, sun bayyana a wani littafi na 1985 cewa himma mai ɗorewa ita ce wadda ta fito daga cikin mutum, kuma daga baya suka fayyace abin da ke ciyar da ita: mutum ya ji shi ya zaɓi abin, ya ji yana iyawa, ya kuma ji yana tare da mutane. Zaɓi yana nufin dalilin ya zama nasa. "Likita ya hana ni" umarnin wani ne, kuma akan karya shi da zarar an bar gaban likita. Wanda ya ce yana so ya kai shekara 70 yana sujada ba a kan kujera ba, ko ya yi ɗawafi da ƙafarsa, ko ya aurar da autarsa da hannunsa, ya samu dalilin da zai tuna ranar da kasala ta zo. Jin iyawa kuwa daga ƙaramin abu yake tsirowa. Wanda ya shekara goma bai taka kilomita ɗaya ba, idan ya fara da gudu zai daina cikin mako, ƙila ma ya ji ciwo. Minti goma na tafiya da ya cika kullum ya fi masa.

Jama'a kuwa ba a rasa ta ba a wannan ƙasa. Fada, wato majalisar abokai da ake shan shayi, ita ke ƙara wa mutum sukari, kuma ita ce za ta iya rage masa idan mutum biyu ko uku suka yarda. Ƙungiyoyin adashi na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 da tallafin ƙungiyar CARE, suna haɗa mata kowane mako. Inda aka saba tunatar da juna zubi, ba abu ne mai wuya ba a tunatar da juna ranar awo, ko a ware kuɗin mota zuwa CSI.

Niyya ma tana da tsari. Wani masani ɗan Jamus, Peter Gollwitzer, ya nuna a 1999 cewa niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri ta fi cika a kan niyyar da aka bari a sake. "Zan riƙa motsa jiki" ba ta da rana. "Bayan sallar asuba zan taka zuwa bakin gari in dawo" tana da ita. A nan mai salla biyar ya samu sauƙi, domin yininsa a yanke yake tun asali, abin da ya rage ya jingina sabuwar ɗabi'a ga ɗaya daga cikin lokutan. Wani bincike da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan, aka buga a 2009, ya samu cewa sabon abu kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin biki da rasuwa da baƙi za su katse kowa. Abin da ake so shi ne a koma washegari.

Adadin da ake nema ba mai yawa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato irin tafiyar da numfashi zai ɗan tashi amma mutum yana iya magana, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Rabin sa'a a kwana biyar ta cika ma'aunin farko. A wani babban gwaji a Amurka da aka buga a 2002, mutum fiye da 3,000 da ke dab da ciwon sukari aka raba rukuni-rukuni. Waɗanda aka ɗora kan tafiyar minti 150 a mako da rage kimanin kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100.

Abin da ke kashe himma

Babban cikas a Tasawa da Mayahi shi ne idon jama'a. Tumbi alamar hutu ne, ƙibar mace shaidar kulawar miji ce, wanda ya rage jiki kuwa sai a riƙa tambaya ko lafiya, ko kasuwa ce ta juya. Dattijon da ya fito tattaki ba zai yi nisa ba wani yaro zai tsaya da babur ya ce, "Baba, hau in kai ka." Ladabi ne, kuma ƙin hawa yana bukatar bayani. Gara mutum ya faɗi dalilinsa a fili sau ɗaya, domin abin da babba ya yi a bainar jama'a yakan zama izini ga na ƙasa da shi. Wannan ƙasa ce da ke girmama ƙarfi: ɗan jihar Maraɗi, Yakuba Kantu, shi ya ɗauki takobin farko na kokawar ƙasa a Tawa a 1975. Abin da ya rage shi ne a daina ɗaukar ƙarfin jiki a matsayin harkar samari kaɗai.

Macen da ba ta fita sosai tana da nata cikas, amma tsakar gida fili ne. Shara, daka, zagaya gida da sauri, tashi da zama daga kujera sau goma, duk suna cikin lissafi, kuma uwargida ba ta rage daraja don ta riƙe wani aiki a hannunta. Akwai kuma masu cewa ciwo da ajali na Allah ne. Haka ne, kuma malamai suna koyar da cewa jiki amana ne, neman magani kuwa yana cikin riƙo da sababi. Manomin da ya san ruwa na Allah ne bai taɓa fasa shuka ba.

Gishiri, sukari da maganin kasuwa

Ma'aunin gishiri ga babban mutum bai kai giram 5 a yini ba, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, haɗe da wanda ke ɓoye a dunƙulen magi da yajin tsire da kilishi. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke ɗaga jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da kunun kanwa da zafin wankan jego. Tunda tukunya ɗaya ake ci, rage gishiri shawarar gida ce, kuma mai girki ce ke da wuƙa da nama. Idan aka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, aka ƙara daddawa da albasa da citta, harshe yana sabawa cikin makonni.

Sukari kuwa iyakarsa kimanin giram 50 a yini, wajen ƙananan cokula 12, kuma rabin haka ya fi. Kwalbar lemu ɗaya tana iya cinye fiye da rabin wannan ma'auni, shayi zagaye uku sau biyu a yini ya ƙarasa sauran. Abincin da aka gada ya fi wanda ya maye gurbinsa: tuwon hatsi da miyar kuka, fura da nono ba sukari, wake, kwaɗon zogale, tafasa, yaɗiya da rama. Hatsin da ba a surfe ƙal ba yana sakin sukarinsa a hankali fiye da farar shinkafa da burodi.

Haɗarin da ba a cika magana a kansa ba shi ne ƙwayoyin da ake saya a tire ranar kasuwa. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, idan ana shan su kullum don a iya fita gona, suna ɗaga jini, suna lahanta ƙoda da tumbi. Tramol yana rufe gajiya har mutum ya wuce iyakar jikinsa, sannan ya kama shi ya kasa bari. Ƙwayoyin sa ƙiba irin dexamethasone suna ɗaga sukari da jini, suna kuma cin ƙashi.

Tafiya da yanayin shekara

Tsari ɗaya ba zai yi shekara ba. A bazara, watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan haura digiri 40, don haka tattaki na bayan asuba ne ko dab da magariba. Damina lokacin tattalin ƙarfi ne ga manomi. Kaka, da hatsi ya shigo gida kuma kuɗi ya ɗan samu, ita ce ta fi dacewa da awon shekara da sayen tabarau na karatu. Rani shi ne lokacin da zama ke yawa, kuma a nan ne ake bukatar motsi na ganganci. Mai ciwon sukari ko mai shan maganin hawan jini ya ga likita kafin watan azumi domin a daidaita masa lokutan shan magani.

Idan awo ya nuna ciwo

Hawan jini da ciwon sukari ana riƙe su ne, ba a cika rabuwa da su ba. Rage gishiri da nauyi da ƙara motsi suna saukar da lamba, wani lokaci har su wadatar a farkon ciwo, amma mutane da yawa sai sun haɗa da ƙwaya kullum. Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin magani da zarar an ji sauƙi ko kwali ya ƙare. Lambar ta sauka ne saboda maganin, kuma tana komawa sama cikin kwanaki idan aka daina, ba tare da mutum ya ji komai ba. Wanda kuɗin ya yi wa nauyi ya faɗa wa ma'aikacin lafiya a fili, domin akwai magungunan hawan jini masu araha da ke aiki sosai. Mai tafiya cin rani Kano ko Legas ko Agadas ya tafi da karnensa da maganin da zai ishe shi, kuma mai shan sassaƙe ko jiƙo ya sanar da likita abin da yake sha.

Iyalin gida su ma su san alamomin da ba a kwana da su: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya, sarƙewar magana, ciwon ƙirji mai danna mutum tare da zufa, ko numfashi da ya ƙi isa. Ko da alamar ta wuce cikin minti kaɗan, gargaɗi ce, kuma asibiti ake nufa nan take, ba a ɗura wa wanda bakinsa ya karkace ruwa ko jiƙo, domin yana iya shaƙewa. A ƙauyen da ke nesa da kwalta, ya kamata gida ya san tun kafin ranar wa ke da amalanke ko babur ko mota, wace CSI ce mafi kusa, kuma kuɗin tafiya zuwa Tasawa ko Mayahi ko Maraɗi a hannun wa yake.